Waƙa ta fito daga sitidiyo: a sayar, a ba da haya, ko a riƙe? Kwatancin hanyoyi biyar ga mawaƙin Maradi

An ɗora murya, mai kiɗa ya tace, waƙa ta shiga salula. Kafin a kwana biyu sai tayi ya fara zuwa ta ko'ina: furodusan fim daga Kano yana son ta, kuɗi hannu; wani ƙane da ya iya kwamfuta yana cewa a ɗora ta a intanet; mai tura waƙoƙi na bakin tasha kuwa jira kawai yake ta faɗo masa. Mawaƙa da yawa a nan suke yanke shawara cikin gaggawa, su zo suna cizon yatsa bayan waƙar ta karɓu. Kowace hanya cikin biyar ɗin da za a kwatanta tana da ranarta. Abin da ke raba su shi ne tsawon ran waƙar, inda masu saurarenta suke, da abin da zai rage a hannunka bayan ciniki.

Me ake sayarwa tukuna?

Waƙa ɗaya dukiya biyu ce. Ta farko ita ce ƙirƙirar kanta: baitoci, amshi da kari. Wannan ta marubuci ce da wanda ya tsara karin. Ta biyu ita ce ɗaukar sauti, wato muryar da kiɗan da aka naɗa a sitidiyo ranar kaza. Wannan ta wanda ya biya kuɗin naɗin ce, ko wanda yarjejeniya ta ba shi. Idan wata zabiya ta sake rera baitocinka da nata kiɗan, ɗaukar tata ce, ƙirƙirar tana nan taka. Mai saye da ya san kan ciniki yana sane da wannan bambanci. Mawaƙin da bai sani ba yakan ba da biyun a farashin ɗaya.

Sana'ar dillancin waƙa da takarda ta fara. A ƙarshen ƙarni na 19, a wani layi na birnin New York da ake kira Tin Pan Alley, kamfanoni kan sayi waƙa daga marubuci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su buga ta da alamomin kiɗa, su sa masu fiyano su yi ta kaɗa ta a kantuna har kunnen jama'a ya kama, sannan su sayar da takardar. Da garmaho ya zo, dokar Amurka ta 1909 ta ɗora santi 2 a kan kowane kwafi ga mai ƙirƙirar. Takarda ta ja baya, amma tsarin bai canza ba: mai riƙe da haƙƙin ƙirƙira shi ke karɓa duk lokacin da aka kwafa ko aka kaɗa. Don haka har gobe ake kiran dillalan haƙƙin waƙa da sunan mabuga, ko da ba su taɓa buga shafi ɗaya ba.

A Nijar dokar da ke kan wannan ita ce mai lamba 2010-95 ta 23 ga Disamba 2010, wadda ta haɗa haƙƙin mai ƙirƙira, haƙƙin masu rerawa da masu naɗi, da kayan gado na gargajiya. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin masu ƙirƙira tsakanin ƙasashe, tana kuma cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kula da haƙƙin ƙirƙira, mai hedikwata a Yawunde. Abu biyu ya kamata a riƙe daga nan. Haƙƙi yana tabbata da zarar ka ƙirƙiri waƙa, rajista hujja ce kawai. Sannan haƙƙin cin kuɗi ne ake sayarwa. Sunanka na marubuci ba ya shiga ciniki.

Ma'aunan da za a gwada da su

Kuɗin shiga: me za ka kashe kafin tamma ɗaya ta dawo. Saurin kuɗi: yau, ko bayan wata uku. Ɗorewa: shin hanyar za ta ci gaba da kawo wani abu bayan shekara biyar, har magada su samu. Sauƙi: me take buƙata na ilimi, takardu da kayan aiki. Haɗari: ta ina ake cutuwa. Na shida, wanda ya fi sauran nauyi a ganinmu, shi ne mallaka: bayan an tashi daga ciniki, waƙar ta wa ce.

Gargaɗi kan lissafi: duk inda aka ce dalar Amurka a ƙasa, ita ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne a ƙayyade, wato kusan 656, amma dalar Amurka hawa da sauka take yi, don haka jikunan da aka kawo (jika ɗaya sefa dubu ce) kiyasi ne.

Hanya ta 1: sayarwa baki ɗaya

Ita ce tsohuwar hanya tsakanin marubuta waƙa da masu shirya fim, da tsakanin marubuci da mawaƙin da ke da murya amma ba ya rubutu. A yi tayi, a sallama, a tura kuɗi ta Nita ko Amana, shi ke nan. Ba ka kashe kome sai kuɗin sitidiyo, wani lokaci ma mai saye ne ke biya. Babu hanyar da ta kai ta sauri da sauƙi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ga mai bashin sitidiyo a wuya wannan magana ba wasa ba ce.

Ɗorewa kuwa babu. Waƙar ta mutu a sati biyu, ka ci riba. Ta zama wadda ake kaɗawa a kowane biki daga Maradi zuwa Damagaram, mai saye ya ɗora ta a YouTube, ya sayar wa kamfanin waya, ya sa wani ya sake rera ta, kai kana kallo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Babban haɗarin ba ƙarancin farashi ba ne, cinikin baki ne. Kai a ranka ka ba shi ya sa a fim ɗaya, shi a ransa ya saye ta har abada. Ranar da ka rera ta a wani taro ya ce ka shiga gonarsa, ko kuma shi ya ce ya sayi akuya ta dawo tana ci masa danga. Babu mai gaskiya a cikinku, domin babu abin da aka rubuta. In dai za a sayar, a rubuta ko da shafi ɗaya ne: sunan waƙar da tsawonta, wace dukiya aka sayar cikin biyun, farashi da ranar biya, cewa za a ambaci sunanka duk inda ta fito, da cewa kana da izinin rera ta da bakinka a taro. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a kai ma'aikatar magajin gari ko kwamisariya a tabbatar da sa hannun, kowa ya riƙe kwafi. Kada a miƙa tataccen aiki sai kuɗi sun cika. Kafin nan a ba da ɗanɗano na minti ɗaya.

Waƙar siyasa, ta biki, ta naɗin sarauta da ta tallar shago duk a nan suka fi dacewa. Sunan mutum ɗaya ke cikinsu, ranarsu ɗaya ce, babu wani da zai sake neman su. A irin waɗannan, riƙe haƙƙi ba ya ƙara maka kome. Abin lura kawai shi ne kari: idan karin ya yi daɗi, a rubuta cewa baitocin ne aka sayar, karin yana nan naka, domin gobe za ka so ka ɗora masa wasu kalmomi.

Hanya ta 2: ba da haya, ko raba kaso da dillali

Nan ba ka rabu da waƙar ba, izini ka bayar mai iyaka. Iyakokin huɗu ne kuma dole kowanne ya fito a takarda: wane amfani (fim ɗaya, talla ɗaya, kundi ɗaya), wace ƙasa, shekara nawa, sannan shi kaɗai ne ko kana iya ba wani. A ɗauki misali: Alhaji ya taya jika 150 a sayar masa baki ɗaya. Amsar da ta dace ita ce, “Ranka ya daɗe, sayarwa dai ban shirya ba. Amma in fim ɗin nan ne, ka ba da jika 70 ka yi aiki da ita shekara biyu, kai kaɗai a fim, sauran wurare suna hannuna.” Ya rage kashe kuɗi, kai kuma ka rage asara. Yawancin masu saye ba sa buƙatar abin da ya wuce wannan, sun saba ne kawai da karɓar duka tunda ba a taɓa hana su ba.

Ɗaya fuskar ita ce ka damƙa wa dillalin haƙƙi, ya yi rajistar waƙoƙinka a ƙasashe, ya nemo masu amfani da su, ya karɓo kuɗi. A kasuwar duniya an san siga uku. Tsohon tsari, dillali ya mallaki haƙƙin a raba kuɗi rabi da rabi. Tsarin haɗin gwiwa, marubuci ya tashi da kashi 75 cikin 100. Tsarin kulawa zalla, mallaka tana hannunka, dillali ya cire kamar kashi 10 zuwa 25 na abin da ya karɓo. Na ukun ne ya fi dacewa da wanda ba ya son rabuwa da mallakarsa, domin in tafiya ta ƙi, wa'adi na cika kowa ya kama gabansa.

Kuɗin shiga kaɗan ne, sai dai ladan wanda ya iya rubuta yarjejeniya da Faransanci in ana son ta tsaya a gaban alƙali ba tare da tafinta ba. Ɗorewa mai kyau ce. Wahalar tana wurin bibiya: wanda aka ce zai ba ka kaso, shi ne kuma mai riƙe da lissafi. Saboda haka a sa a takarda cewa zai kawo lissafi duk wata shida, kana da damar ganin shafin da kuɗin ke shiga da idonka, kuma in ya yi shekara bai yi kome da waƙar ba ta dawo maka. A guji kalmomi uku: “har abada”, “duk duniya”, da “duk abin da zai ƙirƙira nan gaba”. Duk takardar da ta haɗa ukun nan, sayarwa ce aka sa wa rigar haya.

Idan cinikin da mutumin Kano ko Katsina ne, a rubuta inda za a kai ƙara in an saɓa. Dan Isa zuwa Jibiya ba nisa, amma dokar can daban, kotun can daban, kuɗin ma naira ce mai faɗuwa da tashi. A rubuta farashi da sefa.

Hanya ta 3: kasuwar gida, masu tura waƙa da kiɗan kira

Duk wanda ya san tashar mota ya san rumfar: tebur, tsohuwar kwamfuta, igiyoyin caja a rataye kamar kilishi, ƙaramar lasifika tana amo, yaro yana jan sunayen waƙoƙi yana zuba wa ɗan kabu-kabu a katin salularsa. Ba ya sayar da waƙa ɗaya ɗaya, cika kati yake a karɓi ƴan daloli. Shi ne magajin masu fiyanon New York: abin da ya kaɗa da safe, shi gari zai kwana da shi. Ta wurinsa waƙa ke isa Tsibiri, Madarunfa da ƙauyukan da rezo bai kai ba.

Amma a faɗi gaskiya, wannan talla ce, ba ciniki ba. Abin da za ka samu shi ne abin da mai rumfa na farko ya ba ka kafin waƙar ta fita. Daga kwafi na biyu ta shiga Bluetooth, Xender da WhatsApp, ba mai iya tare ta. Masu dabara kan haɗa manyan masu turawa su karɓi kuɗinsu gaba ɗaya, a saki waƙar rana ɗaya. Ribar gaske tana zuwa ta bayan gida: gayyatar biki, liƙi, da masu son a yi musu tasu. Don haka kafin a saki, a faɗi sunanka da murya a farkon waƙar, a rubuta shi cikin bayanan fayil ɗin, domin sunan da ke kan fayil kowa na iya sauya shi.

Kiɗan kira, wanda mai buga waya ke ji kafin a ɗauka, ya fi wannan tsari. Kamfanonin waya irin su Airtel, Moov da Zamani ba su cika yin hulɗa da mawaƙi ɗaya ɗaya ba, ta hannun ƴan tsakiya ake bi. Kamfani ya cire nasa, ɗan tsakiya ya cire nasa, haraji ya fita, abin da ya rage a raba. Ana yanko daƙiƙa 30 ko kusa da haka, galibi amshi. Waƙar bege, ta iyaye da ta soyayya su ne ke daɗewa a nan. A ba ɗan tsakiya izinin kiɗan kira kaɗai, na shekara ɗaya ko biyu. Wasu takardun sukan cusa haƙƙin intanet gaba ɗaya a sakin layi na ƙarshe.

Hanya ta 4: ɗorawa a intanet ta hannun kamfanin rarrabawa

Spotify, Apple Music, Boomplay da Deezer ba sa karɓar waƙa daga hannun mawaƙi kai tsaye, sai ta kamfanin rarrabawa. Audiomack da YouTube kana iya ɗorawa da kanka. Tsarin biyan masu rarrabawa iri uku ne. DistroKid kuɗin shekara yake karɓa, wajen dalar Amurka 25, kamar jika 14 zuwa 16, ka ɗora iya son ranka kuma ba ya cire kaso. Sai dai in ka daina biya, waƙoƙin suna iya sauka. CD Baby sau ɗaya ake biya, kusan dalar Amurka 10 kan waƙa ɗaya, ya riƙa cire kashi 9 cikin 100. RouteNote yana da tsarin kyauta inda yake riƙe kashi 15. Mai fitar da waƙa biyu a shekara, biya sau ɗaya ko tsarin kyauta ya fi masa. Mai fitar da ashirin, kuɗin shekara ya fi araha. Farashin nan yana sauyawa, a duba shafinsu ranar da za a biya.

Abin da za a tanada: fayil na WAV, wato sautin da ba a matse ba, 44,1 kHz, bit 16 ko 24, ba MP3 ɗin da ya bi ta WhatsApp ba. Minti ɗaya na WAV mai bit 16 kusan mega 10 ne, waƙar minti biyar mega 50 ke nan, a nemi wuri mai rezo. Hoton bango murabba'i, 3000 da 3000, babu lambar waya ko adireshi a kai, in ba haka ba a mayar maka. Sunan mawaƙi da rubutu iri ɗaya kullum. Yau da ƙ gobe da k yana raba waƙoƙinka gida biyu. Kamfanin zai ba kowace ɗauka lambar ISRC mai harafi da lamba 12. A rubuta ta a littafi, domin da ita za ka ƙaura zuwa wani kamfani ba tare da lissafin saurarenka ya ɓace ba. A ɗora sati uku ko huɗu kafin ranar fita.

Kuɗi ba sa sauri. Rahoton wata yakan iso bayan wata biyu ko uku, kuma akwai ƙaramin adadin da sai an kai shi ake cirewa. Tun 2024 Spotify ba ya biyan ɗaukar da ba ta kai saurare 1.000 cikin wata 12 ba. YouTube yana neman mabiya 1.000 da sa'o'in kallo 4.000 cikin shekara kafin ya fara raba kuɗin talla, inda mai tashar YouTube ke samun kashi 55, kuma ba ya turo kuɗi sai sun kai dalar Amurka 100, wajen jika 60. Shirin nasa ba a kowace ƙasa yake buɗe ba, a duba jerin ƙasashe kafin a gina lissafi a kai. Nan ne wasu ke buɗe tasha da sunan aboki na wata ƙasa, daga baya tashar ta zama ta abokin, tunda imel da asusun nasa ne. Akwai kuma harajin Amurka: za a sa ka cike takardar W-8BEN, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijar da Amurka, ana iya cire kashi 30 daga abin da aka samo a can. Kafin ka biya ko tamma, tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso ka, katin banki ne ko asusu, da sunanka.

Darajar saurare ba ɗaya ba ce. Wanda ke biyan kuɗin wata a Faransa ko Saudiyya ya fi mai saurare kyauta a nan kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Mawaƙin da ƴan ci-rani ke nema a Jidda, Abijan ko Aljeriya ya fi cin moriyar wannan hanya.

Abubuwa uku ke ɓata ta. Na ɗaya, wani ya riga ka ɗorawa: ka saki waƙa a tashar mota, wani ya kwashe ta ya sa a intanet da sunansa, kai mai ita ka zo ana ce maka kwafi ka kawo. Maganin shi ne intanet ta riga tashar mota. Na biyu, kiɗan da ba naka kaɗai ba. Tsarin Content ID na YouTube, wanda ke gano waƙarka a bidiyon wasu ya karɓo maka kuɗi, yana buƙatar sautin ya zama mallakarka kai ɗaya. In mai kiɗa ya sayar wa mutum biyar kiɗa ɗaya, ko ya ɗauko shi a intanet, rikici ne. Na uku, sayen saurare na bogi. Ana ganewa, a sauke waƙar, wani lokaci har da tara.

Sannan a riƙe wannan: mai rarrabawa kuɗin ɗaukar sauti yake karɓo maka. Kason ƙirƙira hanyarsa daban, ta hukumar haƙƙi ko dillali yake biyowa. Wanda bai yi wannan rajistar ba ya bar wani ɓangare na kuɗinsa a waje.

Hanya ta 5: bugawa a takarda

Takardar kiɗa mai layi biyar ba ta da kasuwa a Maradi sai wurin mawaƙan coci, ƴan badujala da masu koyar da kiɗa. Makaɗanmu da kunne suke aiki. Duk da haka rubuta kari da alamomi yana da amfani guda: hujja ce mai ƙarfi ranar da aka yi gardamar wa ya fara. Manhajar MuseScore kyauta ce, wanda ya iya fiyano zai rubuta karin waƙa cikin awa ɗaya ko biyu.

Abin da ke sayuwa shi ne ɗan littafin baitoci, da boko ko ajami, musamman waƙoƙin bege, wa'azi da na makarantun Islamiyya. Lissafinsa a fili yake: takardar A4 in an naɗe biyu tana ba da shafi 4, littafi mai shafi 32 takarda 8 ke nan, rim ɗaya mai 500 zai fitar da kwafi 62, ban da bango. Adadin shafuka ya zama mai rabuwa da 4. A fara da kwafi 100 ko 200, a ga yadda za su tafi a bakin masallacin Juma'a da lokacin Mauludi. Kuɗinka ne ke kwance har a sayar, kuma na'urar fotokwafi ita ce kishiya. Amma littafi ba ya gogewa kamar kati, kuma yana ɗauke da sunanka da shekarar bugu.

Rajistar BNDA ba zaɓi ba ce cikin biyar ɗin

Tana tafiya da kowacce ban da sayarwa baki ɗaya. BNDA ita ce hukumar haƙƙin masu ƙirƙira ta Nijar, hedikwatarta a Yamai. Aikin irin waɗannan hukumomi shi ne karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin, otal da wuraren taro, su raba wa masu waƙa. Asalin tsarin daga Faransa ne: a 1847 wani marubucin waƙa, Ernest Bourget, ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha a wani gidan shaƙatawa na Paris saboda ana kaɗa waƙarsa ba a biya shi ba, kotu ta ba shi gaskiya, aka kafa SACEM, hukumar haƙƙin masu waƙa ta Faransa, a 1851. Kada a sa ran kuɗi masu yawa ko na kowane wata. Rabon ya dogara ga abin da aka karɓo da jerin waƙoƙin da gidajen rediyo suka bayar. Amfaninta na kusa shi ne takardar shaida mai kwanan wata.

Kafin a je, a zauna da duk wanda ya sa hannu a waƙar a rubuta kason kowa: marubuci, mai kari, mai kiɗa, mai rerawa. Al'adar da aka fi bi ita ce rabi ga kalmomi, rabi ga kari da kiɗa. Ƴan amshi da mai kiɗan da aka biya ladan aiki su sa hannu cewa an sallame su. A yi wannan ranar da aka gama naɗi, lokacin da kowa ke dariya. Amshin gaɗa ko tsohon karin da ka gada daga bakin kaka kuwa, ba naka ba ne balle ka sayar. Abin da ka ƙara a kai ne naka, a bayyana haka.

| Hanya | Kuɗin shiga | Saurin kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Mallaka |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Sayarwa baki ɗaya | Babu | Nan take | Babu | Mai sauƙi ƙwarai | Cinikin baki, waƙa ta karɓu bayan ta fita hannu | Ta mai saye |
| Haya ko kaso | Ladan rubuta takarda | Wani yanzu, wani daga baya | Mai kyau | Sai an iya ciniki | Lissafi a hannun wani | Taka |
| Masu turawa da kiɗan kira | Kaɗan | Sau ɗaya, ko jefi-jefi | Gajere | Mai sauƙi | Kwafi ba iyaka | Taka, in ba ka sa hannu a makance ba |
| Intanet | Kyauta zuwa jika 16 a shekara | Wata 2 zuwa 3 ko fiye | Mai tsawo | Sai da ilimi da asusu | Wani ya riga ka, asusu da sunan wani | Taka |
| Takarda | Kuɗin bugu gaba ɗaya | A hankali | Matsakaici | Matsakaici | Kaya su kwanta, fotokwafi | Taka |

Wa ya dace da wace?

Mai waƙar ɗan takara, ango ko ɗan kasuwa ya sayar baki ɗaya, ya karɓi rabi kafin ya shiga sitidiyo, sauran kafin ya miƙa, ya keɓe karinsa.

Marubucin da ba ya rerawa, wanda ke ba mawaƙa da masu fim baitoci, haya ce tasa, tare da rajista. Ba shi da liƙi, ba shi da gayyatar biki, haƙƙin ƙirƙira shi ne duk jarinsa. In matsi ya sa dole ya sayar, ya sayar da ɗaya ya riƙe sauran, kada ya ba da littafinsa a dunƙule.

Sabon mawaƙin da ba a san shi ba ya haɗa ta uku da ta huɗu, amma a jere: takardar kaso, rajista, ɗorawa a intanet ta tsarin kyauta ko biya sau ɗaya, sannan ranar da ta fito a can a kai wa masu turawa. Abincinsa a shekarar farko daga biki zai fito.

Wanda ya riga ya yi suna, yana da waƙoƙi talatin ko fiye da ake nema har waje, ya biya kuɗin shekara, ya buɗe Content ID kan waɗanda kiɗansu nasa ne shi kaɗai, ya nemi dillalin kulawa zalla na wa'adin shekara biyu ko uku.

Sha'iri da malamar Islamiyya mai tsara wa ɗalibai waƙa, littafin baitoci da kiɗan kira sun fi kusa da masu saurarensu. Magadan mawaƙin da ya rasu kuma, kafin su amsa tayin kowa, su tattara kaset-kaset da fayiloli, su nemi duk takardar da marigayin ya taɓa sa wa hannu, su wakilta mutum ɗaya a rubuce, domin a ƙarƙashin yarjejeniyar Berne haƙƙin yana nan aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa.